Dukiyar Kanti, Kyauta da Siyasa: Nazari a Kan Rayuwar David Sainsbury na Ingila

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda dukiyar da aka tara ta hanyar sayar da kayan masarufi a kanti takan fita daga hannun mai ita ta shiga harkokin jama'a. Ƙofofin fitarta guda biyu ne sanannu. Ta farko ita ce kyauta, watau abin da attajiri yake bayarwa domin ilmi ko lafiya ko noma. Ta biyu kuwa ita ce gudummawar siyasa, watau kuɗin da yake bai wa jam'iyya domin ta ci zaɓe. Bisa al'ada akan yaba wa ta farko, a kuma yi wa ta biyu kallon tuhuma. Tambayar da muke son mahalarta wannan taro su duba tare da mu ita ce: shin ana iya raba waɗannan ƙofofi biyu idan aljihu ɗaya ne yake ciyar da su?

Domin kada bayanin ya tsaya a iska, mun zaɓi mutum guda mu bi rayuwarsa daki-daki. Wannan mutum shi ne David Sainsbury, wanda aka fi sani da Lod Sainsbury na Turville, tsohon shugaban kantunan Sainsbury's na ƙasar Birtaniya. Dalilin zaɓensa shi ne ya haɗa abubuwa huɗu da ba kasafai ake samunsu wurin mutum ɗaya ba. Ya gaji babban kamfani ya kuma shugabance shi. Ya bayar da kyautar da ta haura fam biliyan ɗaya. Ya kasance cikin manyan masu ɗaukar nauyin jam'iyyu har guda uku a lokuta dabam-dabam. Sa'an nan ya riƙe muƙamin minista shekara takwas a gwamnatin jam'iyyar da yake bai wa kuɗi. Za mu fara da asalin dukiyar, mu dubi kyautar, mu dubi siyasar, daga nan mu auna su bisa ma'aunin doka da na hankali.

2.0 ASALIN DUKIYAR

A shekarar 1869 ne John James Sainsbury da matarsa Mary Ann suka buɗe wani ɗan ƙaramin kanti a titin Drury Lane cikin birnin Landan, suna sayar da madara da man shanu da ƙwai. A wancan zamani algus ya yi yawa a cikin abincin talakawan birnin, saboda haka tsabta da ingancin kaya suka zama jarin wannan kanti. Kafin rasuwar John James a 1928, rassan kantin sun wuce ɗari.

Babban sauyi ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jikan mai kantin, Alan Sainsbury, ya je Amurka ya ga yadda mai saye yake ɗaukar kwando ya zaɓi kayansa da kansa, ya biya a bakin ƙofa. A 1950 kamfanin ya buɗe irin wannan kanti a Croydon. Ribar da ake samu a kan kowane kaya ƙanƙanuwa ce, amma yawan ciniki da saurin juyawar kaya su suke tara ta ta zama dukiya. Wannan ne ya sa ya dace mu tuna tun daga farko cewa kuɗin da za mu yi magana a kansu sun taru ne daga cefanen miliyoyin gidaje, masu goyon bayan kowace jam'iyya da waɗanda ba ruwansu da siyasa.

A 1973 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan. Shi ne sayar da hannun jari mafi girma da kasuwar ta taɓa gani zuwa wannan lokaci, duk da haka iyalin suka riƙe kimanin kashi 85 cikin ɗari. Daga ranar nan dukiyar gidan ta zama abin da ake iya ƙidayawa, ake kuma iya miƙa wa gidauniya a takarda ba tare da an rufe ko reshe ɗaya ba.

3.0 KARATUNSA DA AIKINSA A KAMFANI

An haifi David Sainsbury ranar 24 ga Oktoba, 1940. Mahaifinsa shi ne Robert Sainsbury, ƙanin Alan, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1967 zuwa 1969. Ya yi karatu a makarantar Eton, sa'an nan ya shiga Jami'ar Kambirij, inda ya fara da tarihi, daga baya ya koma nazarin halayyar ɗan Adam. Wannan sauyi shi ne mafarin sha'awarsa ga kimiyya, musamman nazarin ƙwaƙwalwa, kuma za mu ga tasirinsa a cikin kyautarsa. Ya kama aiki a kamfanin gidansu a 1963, ya kuma sami digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci daga Jami'ar Kolambiya ta Amurka. Daga 1973 zuwa 1990 shi ne daraktan kuɗi, a zamanin da ɗan baffansa John Sainsbury yake shugabanci kamfanin yana bunƙasa shekara bayan shekara.

A 1992 ya gaji John a kujerar shugabanci. Shekarun da ya yi a kanta ba su yi wa kamfanin daɗi ba. A 1995 kamfanin Tesco ya fito da katin Clubcard, wanda yake ba mai saye ɗan rangwame, shi kuma kamfani ya san abin da kowane gida yake saye. David ya raina wannan dabara da farko. A wannan shekara Tesco ya sha gaban Sainsbury's ya zama na ɗaya a cinikin kayan abinci a Birtaniya. A 1996 ribar Sainsbury's ta ragu, karo na farko cikin shekara 22, kuma dole kamfanin ya fito da nasa katin. David ya sauka a 1998, kuma shi ne na ƙarshe daga zuriyar da ya shugabanci kamfanin. A wannan shekara jaridar Sunday Times ta sa shi da iyalinsa a kan gaba cikin masu hannu da shuni na Birtaniya, da dukiyar da ta haura fam biliyan uku. Abin lura a nan shi ne, sunan da ya yi a duniya ya samo asali ne daga yadda ya kashe dukiyar fiye da yadda ya tara ta.

4.0 GIDAUNIYAR GATSBY

Tun bai cika shekara talatin ba, a 1967, David ya kafa gidauniya da hannun jarin da ya samu daga gida, ya sa mata suna Gatsby, daga sunan wani littafin ƙagaggen labari na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald. A 1993 ya ƙara mata hannun jari na fam miliyan 200. A 2009 aka bayyana shi a matsayin ɗan Birtaniya na farko da kyautarsa ta wuce fam biliyan ɗaya, kuma a 2013 ya sa hannu a alkawarin nan da Bill Gates da Warren Buffett suka ɓullo da shi, na attajirai su bayar da mafi yawan dukiyarsu. Tsarin Gatsby ya sha bamban da na masu raba abinci da tufafi. Takan zaɓi fannoni kaɗan, ta zauna a kansu shekaru masu yawa, ta kuma gina cibiyoyi waɗanda za su iya rayuwa bayan ta janye.

4.1 Kimiyya

A ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar ta kafa ɗakin bincike na Sainsbury a garin Norwich, domin nazarin yadda tsirrai suke kamuwa da cuta da yadda suke kare kansu. A nan ne David Baulcombe da abokin aikinsa suka gano, a 1999, wasu ƙananan ƙwayoyin saƙon halitta waɗanda tsiro yake amfani da su wajen toshe aikin ƙwayar cuta. A 2011 aka buɗe ɗaki na biyu a Kambirij da tallafin fam miliyan 82.

A fannin ƙwaƙwalwa kuwa, a 1998 Gatsby ta kafa wani sashe a kwalejin UCL ta Landan domin nazarin yadda ƙwaƙwalwa take koyo ta hanyar lissafi da kwamfuta. Geoffrey Hinton ne ya fara shugabantar sashen. A nan ne Demis Hassabis da Shane Legg suka haɗu, kafin su kafa kamfanin DeepMind na ƙirƙirarriyar basira a 2010. A 2024 Hinton ya sami kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, Hassabis kuma ya samu a kimiyyar haɗa sinadarai. Lokacin da aka kafa sashen, fannin ba shi da farin jini wurin masu raba kuɗin bincike. Wannan misali ne na abin da masu goyon bayan kyautar attajirai suke kafa hujja da shi, watau mai kuɗin kansa yana iya jira shekara ashirin, alhali ma'aikatar gwamnati tana neman sakamako kafin zaɓe mai zuwa.

4.2 Noma a Afirka

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 gidauniyar take aiki a Afirka. Ta tallafa wa yaɗa ingantaccen irin rogo a ƙasashe irin su Kamaru da Yuganda, musamman lokacin da cutar da take murɗe ganyen rogo ta yi wa gonakin Yuganda ɓarna a shekarun 1990. Aikin nata ya iso ƙasar Hausa ma. A shekarun 2000 ta ɗauki nauyin wani shiri na haɗa noma da kiwo wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta gudanar daga tasharta ta Kano, tare da manoma a jihohin Kano da Kaduna da wasu sassa na Jamhuriyar Nijar. Tsarin shi ne a shuka kunya biyu ta hatsi, kunya huɗu ta ingantaccen wake, a ciyar da awaki da tumaki da harawa a gida, a mayar da takinsu gona. Daga baya gidauniyar ta tattara ƙarfinta a Gabashin Afirka, a kan auduga da shayi da dazuzzuka da kiwon kifi. Darasin da yake cikin wannan ƙaura shi ne, mai bayarwa ne yake yanke shawarar inda za a je da lokacin da za a tashi, manomi ba shi da ƙuri'a a ciki.

4.3 Ilmin sana'a da tsara manufofi

Wannan ɓangare ya fi shafar mu malaman kwalejojin ilmi. A 2014 Gatsby ta fitar da rahoton John Holman mai ɗauke da ma'aunai takwas na yadda makaranta za ta shiryar da ɗalibi wajen zaɓen sana'a, kuma a 2017 gwamnati ta karɓe su ta sa su cikin tsarinta na makarantun Ingila. A 2016 wani kwamiti da David Sainsbury da kansa ya shugabanta ya ba da shawarar a tattara ɗimbin takardun shaidar sana'a zuwa hanyoyi 15. Daga wannan shawara aka samar da sabuwar takardar shaida ta shekara biyu, wadda aka fara a 2020, kuma ɗalibi yakan yi aƙalla kwana 45 a wurin aiki kafin ya same ta. Gwamnatin Konsabatib ce ta kafa kwamitin, watau abokiyar hamayyar jam'iyyar da David ya fi bai wa kuɗi.

Bugu da ƙari, a 2008 Gatsby ta kafa wata cibiya a Landan mai nazarin yadda gwamnati take aiki, wadda take ba ministoci da manyan ma'aikata shawara. Za mu dawo kan wannan nau'i na kyauta a sashe na 7.0, domin a nan ne iyakar kyauta da siyasa ta fi dushewa.

5.0 GUDUMMAWAR SIYASA

5.1 Gida ɗaya, jam'iyyu da yawa

Siyasa ba baƙuwa ba ce a gidan Sainsbury. Alan ya tsaya takarar majalisa sau uku a jam'iyyar Libaral, ya koma Leba a 1945, aka kuma naɗa shi Majalisar Dattawa a 1962. 'Ya'yansa biyu sun bi wata hanya dabam. Timothy ya wakilci mazaɓar Hove a jam'iyyar Konsabatib daga 1973 zuwa 1997 har ya yi minista. John kuwa, wanda ya rasu a 2022, ya bar wa Konsabatib wasiyyar kimanin fam miliyan 10. Ke nan ribar kanti ɗaya ta shiga asusun jam'iyyun da suke adawa da juna.

5.2 Zamanin SDP

David ya shiga jam'iyyar Leba tun yana saurayi. A 1981, da jam'iyyar ta karkata sosai ga 'yan gurguzu, manyanta huɗu, watau Roy Jenkins da David Owen da Shirley Williams da Bill Rodgers, suka ɓalle suka kafa jam'iyyar SDP. David ya bi su, ya zama babban mai ɗaukar nauyinta kuma ɗaya daga cikin amintattunta. A zaɓen 1983 SDP da ƙawarta Libaral sun sami kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 23 kawai, alhali Leba da kashi 28 ta sami kujeru 209. Tsarin zaɓen Birtaniya, wanda mai rinjaye a kowace mazaɓa yake kwashe kujera, ya fi ƙarfin kuɗin. Da aka narkar da yawancin SDP cikin Libaral a 1988, David ya tsaya tare da ɓangaren Owen har aka rufe shi a 1990.

5.3 Leba da kujerar minista

Da Tony Blair ya karɓi Leba a 1994 ya jawo ta zuwa tsakiya, David ya dawo gida. Daga 1996 zuwa 2006 ya ba jam'iyyar kimanin fam miliyan 16. Muhimmancin wannan kuɗi ya wuce adadinsa. Tun kafuwarta, Leba ta dogara ne ga ƙungiyoyin ƙwadago, kuma su suke da babbar murya a cikinta. Samun attajirai irin su David ya ba Blair damar rage wannan dogaro.

A 1997 aka naɗa shi Majalisar Dattawa, a 1998 kuma ya zama ministan kimiyya, muƙamin da ya riƙe har Nuwamban 2006 ba tare da karɓar albashi ba. Domin kauce wa zargi, ya miƙa hannun jarinsa ga wasu amintattu bisa tsarin amanar rufe ido, watau su juya dukiyar ba tare da ya san abin da suke saye ko sayarwa ba. A zamaninsa kasafin kuɗin kimiyya na ƙasar ya ninka, aka kuma fito da tsarin shekara goma na zuba jari a bincike a 2004. Masana kimiyya da dama sun yaba da shi saboda daɗewarsa a ofis da sanin fannin.

Amma tun a 1999 aka gane iyakar amanar rufe ido. A shekarar ne ce-ce-ku-ce ya ɓarke a Birtaniya kan amfanin gona da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Jaridu suka nuna cewa ministan yana da alaƙa da kamfanonin da suke wannan fanni, gidauniyarsa kuma tana ɗaukar nauyin binciken tsirrai a Norwich. 'Yan hamayya suka nemi ya sauka. Ya amsa da cewa ba ya sa baki a shawarwarin da suka shafi irin wannan abinci. Abin mamaki, a wannan shekara kantunan Sainsbury's suka ba da sanarwar cire irin waɗannan kayayyaki daga abincin da yake ɗauke da sunansu. Matsalar dai a fili take. Mutum yana iya rufe ido ga lissafin hannun jarinsa, amma ba zai manta cewa sunansa ne a ƙofar kanti ba.

5.4 Rikicin bashi na 2006

A 2006 ta bayyana cewa kafin zaɓen 2005 jam'iyyar Leba ta karɓi bashin kimanin fam miliyan 14 a asirce daga wasu attajirai, domin doka ta wajabta bayyana kyauta amma ba ta ambaci bashi ba. Wasu daga cikin masu ba da bashin an gabatar da sunayensu domin a naɗa su Majalisar Dattawa. 'Yan sanda suka buɗe bincike, har suka yi wa Blair tambayoyi yana kan mulki. David ya ba da bashin fam miliyan biyu. Shi dai ya riga ya shiga majalisar tun 1997, saboda haka ba a ce ya sayi sarauta da bashin ba. Sai dai ya faɗa da farko cewa ya sanar da babban sakataren ma'aikatarsa, daga baya ya nemi gafara ya ce ya rikita bashin da wata kyauta ta dabam. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi, kuma a Yulin 2007 masu gabatar da ƙara suka ce ba za a tuhumi kowa ba.

5.5 Bayan ya bar gwamnati

Ya ci gaba da ɗaukar nauyin ƙungiyar Progress, wadda take kare aƙidar Blair a cikin Leba, har a 2012 ƙungiyar ƙwadago ta GMB ta nemi a hana ta aiki a cikin jam'iyyar. A 2016, shekarar ƙuri'ar raba gardama kan zaman Birtaniya a Tarayyar Turai, ya kashe miliyoyi domin ƙasar ta zauna, ya kuma ba Leba da jam'iyyar Libaral Dimokurat fiye da fam miliyan biyu kowace. Masu son ficewa suka yi rinjaye da kashi 52 cikin ɗari. A 2017 ya ba da sanarwar daina ba da kuɗin siyasa. Amma a 2019 ya ba Libaral Dimokurat fam miliyan 8, gudummawa mafi girma da aka taɓa bai wa jam'iyya a dunƙule zuwa lokacin. Jam'iyyar ta tashi da kujeru 11, shugabarta Jo Swinson ma ta rasa tata. A 2023, ƙarƙashin Keir Starmer, ya koma bai wa Leba, ya ba ta fam miliyan biyar a shekarar, ya ƙara miliyan biyu da rabi lokacin yaƙin zaɓen 2024 wanda ta lashe.

6.0 MATSAYIN DOKA

Dokar Ingila ta gina katanga tsakanin ƙofofin nan biyu. Gidauniyar agaji ba ta da izinin goyon bayan jam'iyya, saboda haka Gatsby ba za ta iya ba Leba ko sisin kwabo ba, duk abin da David ya bai wa jam'iyyu daga aljihunsa ya fito. A madadin wannan takunkumi, kyautar agaji tana samun rangwamen haraji, wanda yake nufin baitulmali yana ɗaukar wani kaso na kowace kyauta.

Ta fuskar siyasa kuwa, kafin shekarar 2000 jam'iyyu ba su da wajibcin bayyana masu ba su kuɗi. Bayan abin kunyar fam miliyan ɗaya da Bernie Ecclestone ya ba Leba a 1997, aka kafa dokar 2000, wadda ta samar da Hukumar Zaɓe, ta hana karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, ta kayyade abin da jam'iyya za ta kashe, ta kuma wajabta bayyana duk gudummawar da ta wuce fam 5,000. Dokar 2006 ta toshe kafar bashi. Amma babu ɗaya cikinsu da ta sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai bayar. Binciken Hayden Phillips na 2007 ya ba da shawarar fam 50,000, kwamitin ɗa'ar ma'aikata kuma a 2011 ya ce fam 10,000. Duka biyu sun mutu a kan teburi, domin Konsabatib ba ta son rasa attajiranta, Leba kuma ba ta son a taɓa kuɗin ƙungiyoyin ƙwadago. Saboda haka duk abin da David ya bayar halal ne a idon doka.

7.0 TSOKACI

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa uku.

Na farko, kuɗi ba su sayen nasarar zaɓe kai tsaye. A 1983 da 2016 da 2019 David ya zuba kuɗi mai yawa, kuma ɓangarensa ya sha kaye. Inda kuɗinsa suka yi tasiri na zahiri shi ne a cikin jam'iyya. Yakan bayar idan shugabanci ya dace da ra'ayinsa na tsaka-tsaki da ƙawance da Turai, yakan kuma janye idan ya kauce. Duk shugaban jam'iyya ya san wannan lissafi tun kafin ya buɗe baki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba lalle sai kuturun ya tuna masa ba.

Na biyu, babu shaidar cewa David ya nemi riba ga kansa ko ga kantinsa ta hanyar wannan kuɗi. Amma rashin cin hanci bai kawar da matsalar daidaito ba. Tushen dimokuraɗiyya shi ne kowa ƙuri'a ɗaya. Mai sayar da kaya a kan teburin Sainsbury's da maigidan kamfanin duk ƙuri'a ɗaya suke jefawa, amma ɗayansu ne kaɗai zai iya rubuta cakin fam miliyan 8. Kyakkyawar niyyar mai bayarwa ba ta warware wannan ba, domin dokar da ta ba shi dama ita ce take ba wanda niyyarsa ba ta da kyau.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci a ganinmu, tasirinsa mafi ɗorewa a kan manufofin gwamnati ya biyo ta ƙofar kyauta ne. Dubi ilmin sana'a. Gidauniyarsa ta ɗauki nauyin bincike, shi ya shugabanci kwamiti, gwamnatin abokan hamayyarsa ta karɓi shawarar, gidauniyar kuma ta taimaka wajen aiwatarwa. Ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, ba a kuma karya doka ko ɗaya ba, amma an sauya abin da dubban ɗalibai suke koya. Katangar da doka ta gina tana hana gidauniya taɓa jam'iyya, amma ba ta hana ta tsara tunanin gwamnati. Wannan tasiri yana iya zama alheri, kamar yadda mutane da yawa suke ganin ma'aunan Holman. Sai dai minista idan ya yi kuskure ana iya kayar da gwamnatinsa, gidauniya kuwa amintattunta kaɗai take yi wa bayani.

Wani abu da ya faru a 2011 ya nuna cewa jama'a suna sane da wannan. Da Jami'ar Kambirij ta gabatar da David domin ya gaji mijin Sarauniya a matsayin uban jami'a, ba a bar shi ya wuce ba hamayya ba. Cikin mutum uku da suka kara da shi har da Abdul Arain, wani mai kantin kayan abinci a garin, wanda ya tsaya domin nuna adawa da buɗe reshen Sainsbury's a unguwarsu. David ya ci zaɓen, ya riƙe muƙamin har 2025. Amma takarar ta tuna wa jami'ar cewa fam miliyan 82 na ɗakin bincike da ƙorafin ƙaramin ɗan kasuwa tushensu ɗaya ne.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta bi dukiyar gidan Sainsbury daga kantin madara na 1869 zuwa ɗakunan bincike da gonakin wake da asusun jam'iyyu. Mun ga cewa doka ta raba kyauta da gudummawar siyasa a takarda, amma a aikace mutum ɗaya ne da manufa ɗaya yake tafiyar da su, kuma kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi. Shawararmu ga masu nazarin irin waɗannan attajirai ita ce kada su tsaya ga yawan abin da aka bayar. Ya kamata su tambayi abu uku: shin an bayyana kyautar a fili, shin waɗanda aka yi dominsu suna da ta cewa, kuma wa zai iya taka wa mai bayarwa burki idan ya yi kuskure? David Sainsbury ya ci jarrabawa ta farko a mafi yawan lokuta, ban da bashin 2005. Ta biyu da ta uku kuwa ba a hannunsa suke ba, suna hannun majalisar da take yin doka da jama'ar da suke zaɓenta.